Jitar bes mai lamba E7: ta Amurka ce ko ta Japan?

Ranar wata Asabar, hunturu ya kankama, ɗan yayata ya shigo shagona a Kaduna rataye da doguwar baƙar jaka, wani dillali na biye da shi. Ni sana'ata gyaran amfilifaya da lasifika da sauran kayan sauti, amma da yake makaɗan coci da na bukukuwa duk nan suke kawo kayansu, a hankali jita ma ta shiga cikin abubuwan da nake kwancewa. Yaron bes yake kaɗawa, wato jitar nan mai tsarkiya huɗu masu kauri wadda ke riƙe gindin kiɗa. Ya kusa shekara biyu yana tara kuɗi don ya rabu da wata 'yar Chana da yake fama da ita.

Ya ce, "Kawu, ga ta nan. Ka duba mini kafin in biya."

Dillalin bai jira an tambaye shi ba. Ya ce Fender Precision ce, ƙirar Amurka ta 1987, cikin kayan gwanjo ta iso Legas, shi kuma ya ɗauko ta daga can. Hujjarsa biyu. Ta farko lambar da ke jikinta, wadda ta fara da E7. In ji shi, E na nufin shekarun 1980, 7 kuma 1987 ke nan. Ta biyu wani hoto ne da ya ɗauka da waya lokacin da ya buɗe murfin gabanta, inda ake ganin folum guda biyu, wato maɓallan da ake murɗawa a daidaita sauti, ɗauke da tambarin CTS, wani kamfanin Amurka. Kuɗin da ya sa mata kuwa kuɗin 'yar Amurka ne, ko sisi bai rage ba.

Ba zan ɓoye ba, da na ga hoton nan na ɗan karkata. Har na ja yaron gefe na ce masa, "Da alama ka yi sa'a." Kuskurena ke nan, na ji ta bakin shaida ɗaya na soma yanke hukunci. Abin da ya cece mu shi ne al'adata ta rashin yarda a biya kuɗin jita ba a cire wuyanta ba. Dillalin ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda, da sharaɗin yana tsaye za a yi, kuma in fenti ya ɓantare mun saya.

Maganarsa a kan harafin E tana da tushe. Tun daga 1976 kamfanin Fender ya koma sa lamba a kai, wato can ƙarshen wuyan jitar inda ake ɗaure tsarkiyoyi, kusa da sunan kamfani, da harafi a gaba mai nuna zangon shekaru goma: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000. Lambar da ke bin harafin ita ya kamata ta nuna shekara. To amma a aikace ba haka abin ya tafi ba. Ana buga tamburan ne da yawa a ajiye, a yi ta liƙawa har su ƙare, ko da shekara ta juya sau uku. Shi ya sa a jadawalin da kamfanin ya fitar da kansa, za ka ga E4 tun daga 1984 har 1988, daga nan sai a yi tsalle zuwa E8. Babu E5, babu E6, babu E7 a jerin na Amurka. Irin wannan ruɗanin ba a nan kaɗai yake ba, domin N9 ma an yi amfani da ita a 1990, an kuma maimaita ta a 1999, mutum sai ya yi kuskuren shekara tara cur in lamba kaɗai ya kalla.

To in ba Amurka ba, ina aka buga E7? A nan sai an ɗan koma baya.

A 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender daga hannun Leo Fender a kan dala miliyan 13. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 makaɗa sun yi ta ƙorafin ingancin kayan ya ja baya, a daidai lokacin da masana'antun Japan ke fitar da kwaikwayon Fender masu kyau da arha, da sunaye irin su Tokai da Greco. Da Fender ta ga ba za ta iya tare ruwan ba, sai ta shiga cikinsa. A 1982 aka kafa Fender Japan tare da kamfanonin Kanda Shokai da Yamano, aka ba masana'antar FujiGen da ke garin Matsumoto aikin ƙira, wato ita dai masana'antar da ke yin Greco ɗin. Na farko-farko lambarsu ta fara da JV, sai SQ, sannan E da lambobi shida daga 1984 zuwa 1987. Ka ga inda gizo ke saƙar: a shekaru guda, Amurka na buga E da lambobi shida, Japan ma na buga E da lambobi shida. Bambancin shi ne a ta Japan lambar da ke bin E ba alƙawarin shekara ba ce.

Akwai kuma wani abu da ya sa jitocin Japan na wannan zango suka bazu a duniya. A 1985 CBS ta sayar da Fender ga wasu ma'aikatanta ƙarƙashin jagorancin Bill Schultz a kan dala miliyan 12.5, amma masana'antar Fullerton da ke Kalifoniya ba ta cikin cinikin. Sabbin masu kamfanin suka wayi gari da suna babu wurin ƙira. Kafin sabuwar masana'antarsu ta garin Corona ta tsaya da ƙafarta, akasarin Fender da ake sayarwa sababbi daga Japan suke zuwa. Saboda haka duk wanda ya riƙo Fender mai lamba E ta tsakiyar shekarun 1980, tun kafin ya buɗe komai ya kamata zatonsa ya fi ƙarfi a kan Japan.

Wannan duk magana ce ta takarda. Gani ya kori ji, sai muka shimfiɗa tawul a kan tebur muka kwantar da ita.

Abu na farko da ya kamata in lura da shi tun shigowarsu, ban lura ba: lambar ba a kai take ba, kusa da sunan kamfani. A bayan wuya take, can ƙasa dab da inda wuyan ya shiga jiki, da ƙananan baƙaƙen haruffa a ƙarƙashin banish. Fender na Amurka na wancan lokaci ba a nan suke ɗauke da lamba ba. Na yau da kullum a gaban kai take, su kuma waɗanda aka ƙera a kan tsohon fasali, irin na 1957 da 1962, waɗanda aka fara fitarwa a 1982, lambarsu da V take farawa, kuma a jikin farantin ƙarfen da ke riƙe wuya ta baya ake buga ta. Tamu fasalin 1962 gare ta: fuskar wuya ta katako mai duhu, kan rodin ƙarfen da ke cikin wuya, mai hana shi lanƙwashewa, yana ta gindi ba ta kai ba. In da ta Amurka ce, V za mu gani a faranti. Farantin kuwa fayau yake, ba ko ɗigo.

Sai na kashe fitilar shago na kunna tocilan waya, na haska bayan wuyan a kaikaice, yadda haske zai kwanta a kan banish ɗin. Ko'ina yana ƙyalli, sai wani ɗan fili a saman lambar, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba, wanda ya dushe, da ƙananan zane-zanen sanfefa duk sun nufi gefe ɗaya. In ka shafa da yatsa za ka ji ɗan kwari. A daidai wannan wurin ne masana'antar Japan ke rubuta ƙasar ƙira. Wani ya zauna ya kankare rubutun a tsanake, ya bar lambar, don ita yake so mai saye ya karanta.

Dillalin ya sunkuya ya duba, ya ce, "Wallahi Oga, haka na same ta." Na kuwa yarda da shi. Kankarar ta tsufa, dauɗar hannu ta riga ta shiga cikin zanen ta yi duhu, ba aikin wata ɗaya ko biyu ba ne.

Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Mu a nan in mai kayan gyaran mota ko mai rediyo yana so ya kai ƙarshen yabon hajarsa, cewa yake "ɗan Japan ne". Amma ga wani can ya ɗauki sunan Japan abin kunya har ya sa masa sanfefa.

Kafin in tsaya a kan Japan sai da na kawar da zato na uku. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙera Squier, ƙaramin sunan Fender na masu ƙaramin ƙarfi, a Koriya, wasunsu ma da lamba mai E. Kuma sananniyar dabara ce a goge sunan Squier a liƙa na Fender, tunda sitikar ba wuyar samu gare ta ba a intanet. Na haska kan jitar kamar yadda na haska wuyan. Launin gaba da na baya iri ɗaya ne, sun yi ja-ja-ja tare irin na tsufa, babu alamar an sake fesa banish, babu inuwar wani tsohon rubutu a ƙarƙashi. Kan bai taɓu ba.

Daga nan muka zo wurin da dillalin ke tsoro. Na sassauta tsarkiyoyin sarai, na kifa jitar, na kwance sukurori huɗun nan da kaɗan-kaɗan, ina zagayawa, ba na cire ɗaya gaba ɗaya in bar sauran a ɗaure. Sannan na juyo da ita na ɗaga wuyan sama sak. In ka karkata shi gefe, nan ne fentin bakin ramin ke ɓantarewa. Ya fito lafiya, na ji dillalin ya sauke numfashi.

A gindin wuyan akwai hatimin baƙar tawada, PB-62, da wani ɗan zanen fensir na ma'aikaci. A cikin ramin jikin ma ga hatimin nan, fenti ya ɗan ci gefensa. Haka Fender Japan ta riƙa yi wa samfurorinta suna a wancan lokaci: PB na Precision, JB na Jazz, sai shekarar da aka kwaikwayi fasalinta. A kasuwar cikin gida ta Japan har da wata lamba aka riƙa ƙarawa a ƙarshe mai nuna farashi, misali in aka ga 75, yen dubu 75 ke nan. Na so ƙwarai in ga kwanan wata da fensir, don a wasu wuyoyin ana samu, amma wannan babu. Ke nan shekarar 1987 da dillalin ya faɗa tana iya dacewa da gaskiya, sai dai babu abin da ya tabbatar da ita. Abin da hujja ta ba mu shi ne tsakanin 1984 da 1987.

Ramin ya nuna wasu abubuwan. Hudoji huɗu ne kacal a wuya, huɗu a jiki, babu wadda aka toshe aka sake hudawa. Wannan yana da muhimmanci, domin Leo Fender tun da ya fitar da Precision a 1951 ya tsara ta ne yadda za a iya kwance wuya da sukundireba a sa wani, kuma wannan sauƙin ne ya cika kasuwa da jitocin haɗe-haɗe, wuyan wata, jikin wata. Katakon da ke tsirara a cikin ramin gunduma ne, ba falle-fallen filawud da aka manne ba kamar yadda ake samu a Squier na Koriya da yawa. Fari ne, ba shi da zane sosai, na danna farce ya shiga. Wannan halin baswud ne, katakon da Japan ta yi amfani da shi sosai a matsakaitan samfurorinta. Sannan a ƙasan ramin akwai ɗan yankin kwalin sigari da aka sa don a ɗan ɗaga wuyan, da guntun rubutun Jamusanci a jiki. Wannan ba ya faɗin inda aka ƙera ta, amma ya nuna ta taɓa zama a hannun wani mai gyara a Turai kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Legas.

Saura hujjar dillali ta biyu, wadda ta ruɗe ni da farko.

Na cire murfin gaba. Folum biyun na CTS ne, ba ƙarya. Sai dai a hoton nasa wani dunƙulen dalma da inuwa sun rufe lambar da ke bayansu. Na goge da auduga, ta fito: 1379418. Karatun wannan lamba ba wuya. Ukun farko lambar kamfani ce, 137 CTS, kamar yadda 304 take Stackpole, 134 kuma Centralab. Biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. Wato mako na 18 na 1994, wajen farkon watan Mayu.

Na juya na ce wa dillalin, "Malam, shaidunka biyu sun ƙaryata juna. In folum ɗin nan da shi aka haife ta, to ba ta 1987 ba ce, don ba a ƙera shi ba sai bayan shekara bakwai. In kuma ta 1987 ce, to folum ɗin baƙo ne, bai san inda aka haife ta ba." Ya yi shiru yana kallon lambar.

Baƙon ne kuwa, don ya bar sawu. Ɗinkin dalma na masana'anta ƙanana ne, a tsaftace, sun dushe da tsufa. Irinsu na gani a inda wayoyi ke fita daga maganaɗisun ɗaukar sauti. Na kan folum ɗin kuwa manyan dunƙule ne, har robar wata waya ta narke ta naɗe inda bakin ƙarfen liƙi ya taɓa ta. Kuma da na zare folum ɗaya, sai ga bakin hudar murfin kaca-kaca, an faɗaɗa ta da hannu. Dalili a fili yake: wuyan folum ɗin CTS kashi uku cikin takwas na inci ne, kimanin milimita 9.5, na Japan kuwa awon milimita ne, bai kai haka kauri ba. Wanda ya sauya su dole ya ƙara wa hudar faɗi kafin su shiga.

Wannan maganar inci da milimita ita ce gwajin da na fi so, don kowane bakanike ya san ta. Na zaro sukuru ɗaya daga jakin da tsarkiyoyi ke hawa, na lalubo noti mai milimita 3 a gwangwanin tarkacena, na murza. Ya shige sulɓi har ƙarshe. Zaren sukurun Amurka na inci ne, da ya cije tun a zagaye na biyu.

Sauran abubuwan na bi su da sauri. Na ɗiga man goge jan farce a kan fentin da ke ɓoye cikin ramin wuya, bai yi laushi ba, alamar fentin roba ne mai tauri, ba irin wanda Amurka ke fesa wa masu tsohon fasali ba, wanda ke narkewa da an taɓa shi da wannan mai. Wayoyin maganaɗisun masu rigar roba ne, ba na zane ba. Mita ta nuna kimanin om dubu 11, daidai da abin da ake sa rai daga Precision mai lafiya. Fentin jikin fari ne da ya koma ruwan madara, amma ƙarƙashin murfi da ƙarƙashin jaki yana nan fari tas, kuma iyakar farin ta bi gefen murfin daidai, babu saɓani. Ke nan murfin da jakin sun shekara aru-aru a inda suke.

Akwai abin da a ganina ya fi sanin shekara da ƙasa muhimmanci ga mai saye, kuma masu zumuɗin lamba kan manta da shi: rodin cikin wuya yana aiki? Tsarkiyoyin bes huɗu suna jan wuya da ƙarfin gaske, rodin nan ne ke hana shi lanƙwashewa. In ya karye ko ya ƙure, to ko Leo Fender ne ya sa mata hannu da kansa, ka sayi kayan ado. Tun da wuyan yana waje, na sa sukundireba na juya kan rodin rubu'in zagaye, ya motsa ba gardama, na mayar da shi baya, ya dawo. Da sauran wurin ɗaurewa. A nan ne hankalina ya kwanta da cinikin.

Hunturu kuwa ya riga ya fara aikinsa a kanta. Jitar da ta taso daga wuri mai laima in ta iso Arewa a wannan lokaci, katakon wuya kan tsuke, ƙarafan da ke kwance a kansa kuma ba sa tsukewa, sai bakunansu su leƙo ta gefe. Yaron ya zura hannu daga sama zuwa ƙasa ya ce suna kartarsa. Wannan ba aibin ƙira ba ne, aikin rabin awa ne da ƙaramin fayil.

Muka zauna ciniki. Na gaya wa dillalin gaskiyar abin da ke hannunsa, ban rage ba: Fender ce ta asali, ba jabu ba, wuya da jiki tare suka fito daga masana'antar FujiGen, kuma Fender Japan na wannan zango masu nema suna nemansu a kasuwannin waje, ko da yake masu JV sun fi tsada. Amma ba ta Amurka ba ce, an sauya mata folum, an ɓata hudar murfi, kuma kankarar nan ta rage mata daraja ko a cikin 'yan'uwanta na Japan, don duk wanda zai saye ta nan gaba sai an sake yi masa wannan dogon bayani. Ya ce shi ma da sunan ta Amurka aka sayar masa. Ya fita waje ya buga waya Legas, muna jiyo muryarsa tana tashi. Da ya dawo ya zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku. Yaron ya kalle ni, na gyaɗa kai, ya tura kuɗin.

Bayan dillalin ya tafi, ya tambaye ni ko a nemo folum na Japan a mayar mata. Na ce a'a, na CTS ɗin masu kyau ne, hudar kuma an riga an faɗaɗa, sai dai in sake ɗinkin dalmar da tsafta in sauya wayar da ta ƙone. Ya ce to kwalin sigarin fa? Na gwada mayar da wuyan babu shi, tsarkiyoyi suka yi nisa da ƙarafan ko da na sauke jaki har ƙasa. Bajamushen ya san abin da ya yi. Na mayar da kwalinsa inda na same shi.

Kafin ya tafi na yanki takarda na rubuta duk abin da muka gani: hatimin PB-62 a wuya da jiki, lamba E7 ta Japan, tsakanin 1984 da 1987, folum na mako na 18 na 1994 sauyi ne, rubutun ƙasar ƙira an kankare shi tun kafin ta zo hannunmu. Na tura masa hotunan gindin wuyan da na ramin, don kada a sake kwance ta saboda tambaya ɗaya. Ya ninke takardar ya sa a aljihun jakar. Na ce masa ya dawo da ita da zarar ruwan farko ya sauka, don katakon zai sha laima ya motsa, sai an sake taɓa rodin.